Yadda Ake Zaɓar Saitin Injinan Aiki Masu Batir Idan Za a Sauya Kamfani

Ranar da na yanke shawarar rabuwa da tsofaffin injinana, ina kan rufin wani gida ne a Kano, ina ɗaure ƙarafan da allunan sola za su zauna a kai. Batura biyu gare ni. Ɗaya ya daina karɓar caji tun da damina, ɗayan kuma kafin ya ɗaure sukuru talatin ya mutu. Na sauko na yi kwana biyu ina zaga kasuwa, ban sami irin batirin na asali ba ko ɗaya. Diril lafiyarsa ƙalau, zarto ma haka, amma dukansu sun koma kayan ajiya. Tun daga ranar na gane cewa wanda ya sayi saitin injina marasa waya, batir ya saya, injinan biyo shi suka yi. Bayan nawa sauyin, na raka abokan aiki da yaran shago da dama sun yi nasu, kafintoci da masu wayarin da masu haɗa ƙofofin alminiyam. Ga yadda muke bi.

Abin da za ka tanada

Littafi da biro. Dukan tsofaffin injinanka da baturansu da cajojinsu, ka baje su a gabanka. Mitar auna wuta irin ta masu gyaran lantarki. Ƙaramin sikeli mai lamba, irin na auna kayan kicin ma ya isa. Guntun katako mai kauri, guntun bulo ko kankare, dogayen sukuru kamar guda goma, da tsinken huda dogo wanda ka tabbata miƙaƙƙe ne. Sai waya mai data, domin duba lambobin injina a shafin kamfanin da ya ƙera su.

Idan ba ka da mita, ka ari ta mai gyaran waya ko ka tafi da abokinka mai wayarin. Idan babu sikeli, ka nemi wanda yake da batirin asali na kamfanin da kake so, ka riƙe shi a hannu sosai kafin ka shiga kasuwa. Hannu yana riƙe nauyi fiye da yadda mutum yake zato.

Kuɗin kuma kada ka ɗauke su duka a matsayin kuɗin saiti. Ka ware wani kaso, aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, na ƙarin batir. Kusan duk wanda na raka sai da ya koma sayen batir kafin wata biyu.

1. Ka tabbatar da abin da ya kore ka daga tsohon kamfanin

Rubuta shi a layi ɗaya. Batir ne ba a samu? Injin ne ba shi da ƙarfin aikin da kake samu yanzu? Kamfanin ne ba ya yin wani injin da kake buƙata? Ko kuwa kayan gyara ne babu?

Amfanin wannan shi ne, wani lokacin ba sauyi ake buƙata ba. Idan injinanka huɗu lafiya suke kuma batirinsu yana nan a kasuwa, sababbin batura biyu sun fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kuwa dalilinka rashin batir ne ko rashin kayan gyara, to wannan dalilin shi zai zama ma'auninka na farko a kan sabon kamfanin, don kada ka gudu daga rami ka faɗa rijiya.

2. Fara da injin da ya fi wahalar samu, ba da diril ba

Yawancin mutane diril suke fara dubawa, saboda shi ne a gaban hoton kwali. Kowane kamfani yana da diril mai kyau. Inda suke bambanta shi ne a manyan injina. Don haka ka rubuta ayyukan da ka yi a wata uku da suka wuce, ka ga wane inji ne ya fi shan wahala a hannunka.

Mai haɗa sola da mai wayarin, huda kankare ne ciwon kansu. Diril mai alamar guduma yana huda bulo da filasta, amma idan ya gamu da ginshiƙi ko rufin kankare (dakin) da aka zuba da tsakuwa, sai dai ya yi ta ƙara yana zafi. Wannan aikin na injin huda kankare ne mai baki irin na SDS-plus, wanda ake auna ƙarfin bugunsa da jul. Mai jul 2 ko kusa da haka ya ishi ramukan milimita 6 zuwa 12 da muke yi kullum. Kafinta kuwa zarto mai faifai da injin ɗaure sukuru mai bugu, wanda muke kira impak, su ne abokan yininsa. Makaniki yana buƙatar injin kwance noti mai kai murabba'i na rabin inci, wanda ya sha bamban da impak ɗin kafinta mai ɗan rami mai kusurwa shida na kwatan inci. Na sha ganin an sayi ɗaya a madadin ɗayan, an je kwance notin taya an rasa yadda za a yi.

Mai walda da ke zaune a shago da janareta, shawarata gare shi ya bar giranda mai waya a inda take. Giranda mai batir ta aikin kan tsani ce da guntayen yanka, ba ta wunin goge ƙarfe ba. Lissafin yana tafe a mataki na 6.

Idan ka gano babban injinka, sai ka tambayi kanka: wane kamfani ne yake da shi mai kyau, kuma ana samunsa a nan? Daga nan sauran saitin zai biyo.

3. Ka san dangin batura, domin suna ɗaya ba ya nufin baki ɗaya

A nan ne aka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe.

Kowane kamfani yana da tsarin batirinsa, kuma bakin wannan ba ya shiga na wancan. Har a cikin kamfani ɗaya akwai dangi daban-daban. Makita tana da LXT mai 18V tun 2005, shi ne ya fi yawan injina. Tana da CXT mai 12V na ƙananan ayyuka, da XGT mai 40V na manya, kuma babu wanda yake shiga gurbin wani. Akwai ma wani layinta mai araha da ake kira G-series, shi ma 18V ne aka rubuta, amma batirinsa ba ya aiki a injin LXT. Bosch tana da shuɗi na ma'aikata da kore na aikin gida, dukansu 18V, amma baturansu ba sa musanya. Milwaukee tana da M12 da M18. DeWalt da Stanley gida ɗaya suka fito, wato kamfanin Stanley Black & Decker, duk da haka batirin Stanley V20 ba ya hawa injin DeWalt. Haka Milwaukee da Ryobi, kamfanin TTI ne yake yin su, amma kowa da bakinsa. Ingco da Total, waɗanda suka cika kasuwanninmu, suna rubuta P20S a layinsu na 20V. Duk injin da za ka ƙara daga baya, ka nemi wannan rubutun a jikinsa, kuma ka zura batirinka a gaban mai shago ka ga ya kama ya tashi.

Sai maganar 18V da 20V, wadda masu talla suke ruɗa mutane da ita. Abu ɗaya ne. A cikin batirin akwai ƙwayoyi biyar a jere, kowace 3.6V, jimla 18V. Idan an cika su da caji kowace tana kai wa 4V ko ɗan sama, shi ya ba da 20V. DeWalt a Amurka tana rubuta 20V MAX, a Turai da nan Afirka tana rubuta 18V XR, kuma batirin wannan yana shiga injin wancan daram. Saboda haka kada wani ya ce maka mai 20 ya fi mai 18 ƙarfi ya ƙara maka kuɗi.

Inda ƙarfin wuta yake ƙaruwa da gaske shi ne a irin FlexVolt na DeWalt, wanda ya fito a 2016, mai ba da 54V a babban inji ya koma 18V a ƙarami. Haka MultiVolt na HiKOKI, kamfanin da a da ake kira Hitachi, mai 36V da 18V. Makita kuma tana da injinan da ake jera musu batura biyu na LXT su ba da 36V. Idan ka san nan gaba za ka buƙaci babban zarto ko babban injin fasa kankare, ka duba wannan tun yanzu.

Akwai kuma kamfanonin da suka haɗa kai a kan batir ɗaya: CAS da Metabo ta jagoranta, da AMPShare da aka gina a kan batirin Bosch shuɗi. Abu ne mai kyau, sai dai amfaninsa gare ka ya tsaya ne a kan ko injinan suna zuwa garinku.

Gargaɗi: duk injin da ka ga an rubuta masa 88V ko 128V ko 388V a kan ɗan batir mai girman na kowa, ka ajiye shi. Ƙwayoyi biyar ba sa ba da wannan wutar ko da wane suna aka manna a jiki.

4. Ka zaga kasuwar garinku kafin ka ɗauki kuɗi

Ka ware rana guda ta tambaya kawai. A Kano ka bi Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, a Kaduna ka leƙa Panteka, a Abuja Dei-Dei, a Yamai Katako. Kada ka tambayi kuɗin saiti tukuna. Tambayi batir shi kaɗai, caja ita kaɗai, makunnin diril, bakin da yake riƙe tsinke, da burushi, wato ɗan gawayin da yake kai wuta a injin ciki. Ka ƙirga shago nawa ne suka ce akwai. Idan shago ɗaya ne tak a duk garin, ranar da kayansa suka ƙare aikinka ya tsaya.

Daga nan ka je wajen masu gyaran injina. Su ne suke ganin cikin kowane kamfani. Ka gaishe su da kyau, ka tambayi ogan wurin wanne ne yake samun kayansa ba tare da aikawa Legas ba. Amsarsa ta fi duk wani bidiyo da za ka kalla a YouTube, domin masu bidiyon suna zaune ne a inda ake kawo musu batir har ƙofar gida.

Ka kuma duba abin da abokan aikinka suke riƙe da shi. Idan ku huɗu kuke fita aiki tare kuma uku suna kamfani ɗaya, shiga cikinsu riba ce: caja ɗaya ta ishe ku a wurin aiki, kuma ana aron batir.

Ra'ayina a nan, mai fara sana'a da yake aiki jefi-jefi, kamfani mai sauƙin kuɗi da ake samun batirinsa a kowane layi ya fi masa babban suna da sai an yi oda. Wanda kuma injin yake hannunsa daga safe har la'asar, kwana shida a mako, ya daure ya sayi na ma'aikata. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

5. Karanta lambar kowane inji da ke cikin saitin

Kwali yakan ce injina shida ko takwas. Ka ƙirga da kanka. Sau da yawa fitila tana cikin lissafin, wani lokacin har da rediyo ko ɗan injin hura iska. Sa'annan a saiti mai araha akan saka mafi ƙanƙantar diril da kamfanin yake da shi. Saiti mai injina biyu nagartattu, diril da impak, da batura biyu masu kyau, ya fi jaka cike da abin da ba za ka taɓa ba.

Kowane inji yana da lamba a ƙaramar takardar da ke manne a jikinsa. A Makita, DHP diril ne mai guduma, DDF diril marar guduma, DTD impak, DTW na kwance noti, DGA giranda, DHR injin huda kankare. Idan lambar ta ƙare da Z, inji ne tsirara, babu batir babu caja. A DeWalt, DCD diril ne, DCF impak, DCG giranda, DCH na kankare, DCS zarto. Harafin N ko B a ƙarshe yana nufin tsirara, D2 batura biyu masu 2Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka ne), M2 biyu masu 4Ah, P2 biyu masu 5Ah. Wannan ɗan harafin kaɗai yana iya zama bambancin rabin kuɗin saiti, don haka idan ka ga farashi ya faɗi ƙasa sosai, shi za ka fara dubawa.

Ka saka lambar a waya ka duba ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa da Nm. Misali, Makita DHP453 tana da 42Nm, DHP486 kuwa 130Nm. DeWalt DCD796 tana da 70Nm, DCD996 tana da 95Nm. A hoto duk kamanninsu ɗaya. Ga kafa kabad da wayarin, 50 zuwa 70 ya wadatar. Mai huda manyan ramuka a katako mai kauri ko ƙarfe ya nemi na sama, kuma ya tabbata akwai mariƙin gefe, domin irin wannan diril idan tsinke ya maƙale yana iya murɗe wuyan hannu.

Abubuwa uku da nake dubawa bayan haka. Bakin diril ya zama mai milimita 13, ba 10 ba, kuma na ƙarfe ya fi na roba jure gogar bango. Giya ta zama biyu. Sai injin ciki: mai burushi ne ko marar burushi? Marar burushi, wanda ake rubuta wa BL ko Brushless a jiki, ba ya zafi da wuri kuma batir ya fi daɗewa a kansa. Amma mai burushi yana da tasa falala a wajenmu: idan ya tsaya, sau da yawa burushi ne ko makunni, kowane mai gyara zai tashe shi da kuɗi kaɗan. Marar burushi idan allon lantarkinsa ya ƙone, sai an sauya shi ɗungurungum. Ni nakan ɗauki marar burushi a injinan da nake amfani da su kullum, in bar mai burushi a na lokaci-lokaci.

6. Yi lissafin batir da caja a takarda

Ah shi ne girman tanki. Ka ninka shi da 18 ka sami abin da batirin yake ɗauke da shi, wato Wh, wat nawa zai iya bayarwa na tsawon awa ɗaya: mai 2Ah yana da 36Wh, mai 4Ah 72Wh, mai 5Ah 90Wh. Yanzu ɗauki giranda da take jan wat 500 tana cikin yanka. Batir mai 90Wh zai ba ta kamar minti 11. Mai 36Wh ba zai kai minti 5 ba, kuma zai yi zafi, domin ƙwayoyi biyar ne kawai suke ɗaukar nauyin da ya kamata goma su raba. Shi ya sa saitin da aka haɗa giranda ko zarto da batura masu 2Ah, ka sani ba a gama sayar maka da shi ba.

Ƙaramin batir yana da ranarsa. Idan kana ɗaure sukuru a silin hannunka a sama, mai 2Ah a kan impak ya fi daɗin riƙo, kafaɗa ba ta gajiya. Abin da na fi so shi ne biyu masu 5Ah ko 4Ah, da ɗaya mai 2Ah.

Caja kuwa, a ƙasar da wuta take zuwa ta ɗauke ba sallama, ita ce rabin saitin. Juya ta ka karanta amfiya nawa take fitarwa, sai ka raba Ah da wannan lambar. Batir mai 5Ah a cajar 2A awa biyu da rabi ne, a cajar 4A awa ɗaya da kwata. Cajar Makita DC18RC tana cika mai 5Ah a minti 45, tana da fanka a ciki mai sanyaya batirin. Idan an kawo wuta ta awa ɗaya, mai wannan cajar ya cika batir ɗaya ya fara na biyu, mai ƙaramar caja kuwa bai kai rabi ba. Idan saitin da ka zaɓa da ƙaramar caja ya zo, ka nemi mai shago ya musanya maka da babba ka cika kuɗi. Da yawa suna yarda.

7. Duba wutar da cajar take sha

Wannan na masu sayen kayan gwanjo ne da masu saƙo daga waje. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana 220 zuwa 240V ce. Ta Amurka da Kanada 120V. Yawancin cajojin da aka yi wa kasuwar Amurka 120V kaɗai suke ɗauka. Wani yaron shagona ya taɓa karɓar saiti mai kyau daga hannun yayansa da ke can, ya saka wa cajar adaftar soket kawai ya jona. Ƙara ɗaya ta yi, hayaƙi ya fito, ko batir ɗaya ba ta cika ba. Adaftar soket siffar ƙafa take sauyawa, ba ta rage wuta.

Mafita biyu ce. Ko ka sayi ƙaramin taransifoma mai sauke wuta zuwa 110, wanda ƙarfinsa ya ninka abin da cajar take ja, ko kuma, abin da ya fi, ka ajiye cajar Amurka ka sayi ta 230V ta wannan kamfanin a nan. Injinan da baturan ba ruwansu da wutar ƙasa.

Kayan Amurka suna da wani abin lura kuma. Zaren kan girandarsu na inci ne, namu M14, ƙananan girandojin Asiya masu faifan milimita 100 kuma M10. Ramin faifan zartonsu ma yakan bambanta da na milimita 20 da aka saba samu a nan. Ka auna kafin ka saya.

Idan ɗan'uwa zai taho maka da batura a jirgi, ka gaya masa a jakar hannu ake saka su, ba a cikin akwatin da za a auna ba, kuma wanda ya wuce 100Wh sai da izinin kamfanin jirgin.

8. Gwaji a gaban mai shago

Ba a cinikin biri a sama. Ka ce, "Alhaji, a buɗe mu gani," idan ya ƙi, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Fara da batir. Ɗora shi a sikeli. Mai 5Ah na gaske yawanci ƙwayoyi goma ne a ciki, nauyinsa yana kai wa giram 600 ko fiye. Idan an rubuta 5Ah ko 6Ah amma bai wuce giram 400 ba, jabu ne. Sa mita a bakinsa: cikakke zai nuna 20V ko ɗan sama, wanda ya kusa ƙarewa wajen 15 zuwa 16. Sabon batir yakan zo da caji kaɗan, wannan ba laifi ba ne, amma wanda ya faɗi ƙasa da 13V mai yiwuwa ya daɗe a ajiye har ya lalace. Duba rubutun jikinsa, na asali yana fita tsaf ba ya gogewa da yatsa. A baturan DeWalt ana buga shekarar da aka yi su a jikin robar, ka karanta. Ɗora shi a caja ka tsaya minti biyar, ka ga fitilar ba ta nuna alamar matsala ba.

Sai diril. Saka dogon tsinkenka, ja kunama a hankali, ka zuba wa ƙarshen tsinken ido. Idan yana rawa yana zana da'ira, bakin ya karkace. Gwada giya ta ɗaya da ta biyu, gaba da baya. Saki kunama ka ga ya tsaya nan take. Juya zoben lambobi zuwa 3 ko 4, ɗaura sukuru a katakonka, ya kamata ya yi ƙas-ƙas ya saki kafin kan sukurun ya nutse. Mai da shi guduma ka huda bulonka. Ka sansana ramukan iska, warin ƙuna alama ce ta injin da aka taɓa wahalarwa. Impak kuma ka sa shi ya tura dogon sukuru har ƙarshe sau uku a jere. Kowane inji a saitin ka zura masa kowane batir, ka girgiza ka ji ko yana kwance-kwance.

Kafin ka biya, a rubuta maka rasit da lambar kowane inji da kowane batir, da tsawon garantin da shagon ya yarda da shi a rubuce. Garantin da aka buga a kwali na wata ƙasa ba lallai ya yi aiki a nan ba, alkawarin mai shago shi ne abin riƙonka.

Idan kuɗinka bai kai saiti ba, akwai hanya: sayi diril ɗaya mai zuwa da batura biyu da caja, sauran injinan ka riƙa ɗaukarsu tsirara ɗaya bayan ɗaya. Inji na hannu ba shi da laifi idan ya ci gwajin nan. Batir na hannu ne ba na ba kowa shawarar saya.

9. Tsofaffin kaya da maganar adafta

Tsinkunan huda, kawunan sukudireba, tsinken SDS-plus, faifan giranda mai milimita 115 ko 125, duk za su bi ka sabon gida. Kada ka haɗa su a cinikin tsohon saiti.

Injinan kuwa, ka sayar da su tare, da batir da caja, tun suna motsi. Diril marar batir kusan kyauta ake karɓarsa. Ko ka bar wa yaron shagonka da ya kusa yaye, ka gaya masa gaskiyar halin da baturan suke ciki.

Za a nuna maka adaftar roba da take ɗora batirin wannan kamfani a injin wancan. Tana aiki, amma ka san abin da ka rasa. A kamfanoni da yawa, abin da yake hana batir zuƙewa har ƙasa ko yin zafi fiye da kima yana cikin injin ne, ko kuma sai injin da batirin sun yi magana da juna ta ƙananan bakunan tsakiya. Adafta ta kasuwa waya biyu kawai take haɗawa. Sai ka yi ta aiki har batirin ya faɗi inda caja ba za ta ƙara karɓarsa ba. Idan dole ce, ka yi amfani da ita a ƙaramin inji irin fitila ko diril na ɗan lokaci, ka cire batir da zarar fitilar nuna cajinsa ta rage ɗigo ɗaya, kada ka bar shi a kai ya kwana. Giranda da zarto kada ka kusance su da ita. Caji ta cikin adafta kuwa, ko da wasa. Wadda kamfani ya yi da kansa daban take, kamar DCA1820 ta DeWalt mai ɗora sababbin batura a tsofaffin injinanta na 18V masu dogon wuya.

10. Makon farko

Cika dukan baturan, ka rubuta musu lamba 1, 2, 3 da ranar saye da alƙalamin da ba ya gogewa, ka riƙa juya su bi da bi. Ta haka idan ɗaya yana da rauni za ka gane shi tun garantin shago bai ƙare ba. Ka ba kowane inji aiki na gaske a cikin kwana bakwai ɗin nan, har wanda ba ka buƙata tukuna.

Zafi ne babban abokin gabar batir a ƙasarmu. Littafin Makita ya ce a yi caji tsakanin digiri 10 zuwa 40, kada kuma a ajiye batir inda zafi zai kai 50. A watan Afrilu iskar Kano da Sakkwato da Maiduguri kanta tana haura 40, balle kan kwano ko cikin but ɗin mota. Idan ina aikin rufi, inji ɗaya da batir ɗaya nake hawa da su, sauran suna ƙasa a inuwa cikin jaka. Batirin da ya sauko daga giranda da zafinsa, sai ya huce kamar rabin awa kafin ya hau caja. Caji kuma da sassafe ko bayan magariba.

Idan da janareta za ka yi caji, bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona, kuma kada ka haɗa caja layi ɗaya da injin walda. Inda wuta take hawa da sauka, sa ƙaramin sitabilaiza. A inbata kuma, mai tsaftatacciyar wuta irin ta gidan sola ita ce ta dace, ƙananan masu araha da ake jonawa a batirin mota suna sa wasu cajoji zafi da ƙugi. Lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar ramukan caja da na injina duk mako. Kada batir ya yi yawo a jaka ɗaya da ƙusoshi da sukuru, ƙarfe ɗaya ya haɗa bakunansa ya isa ya tada wuta.

Tsohon batirin da ya kumbura ko ya tsage, naɗe bakinsa da salatif, ka ajiye shi a wajen ɗaki cikin bokitin yashi, nesa da fetur da katako, har ka kai wa masu sake zuba ƙwayoyin batir. Kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.